Yadda kukan Bafaranshe ya koma kirarin Sinatra

Na daɗe ina sauraron waƙar "My Way" ta mawaƙin Amurka Frank Sinatra ina ɗauka haifaffiyar Amurka ce, sai ranar da na ci karo da "Comme d'habitude" ta Claude François, wadda ta fito a Faransa a 1967, na ji karin waƙar guda ne, amma abin da bakunan biyu suke faɗa ya yi hannun riga.

Jacques Revaux ne ya tsara karin tare da François, Gilles Thibaut kuma ya sa hannu a baitocin. Ma'anar sunan ita ce "kamar kullum". Mutum ne yake tashi da safe, ya taɓa wadda ke kwance kusa da shi ba ta farka ba, ya ja mata mayafi don kada sanyi ya kama ta, ta juya masa baya, ya sha kofinsa shi kaɗai ya fita a makare. Soyayya ta mutu, sabo ne kawai yake riƙe da gidan.

Paul Anka, mawaƙi ɗan Kanada, ya ji waƙar yana hutu a kudancin Faransa, ya nemi izinin sake ta da Turanci ya samu. Bai yi fassara ba. Ya zubar da baitocin kaf, ya riƙe karin, sannan ya rubuta sababbi daidai da bakin Frank Sinatra, wanda a lokacin yake maganar ajiye waƙa: dattijo ne yana waiwayen rayuwarsa, yana bugun ƙirji cewa bai taɓa bin hanyar kowa ba sai tasa. Sinatra ya ɗauki waƙar ranar 30 ga Disamba, 1968 a Los Angeles, ta fito a 1969, ta kuma yi makonni 75 cikin jerin waƙoƙi 40 da suka fi kasuwa a Birtaniya, inda har yau ake yawan sa ta a wajen jana'iza.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wurin da karin yake hawa sama. A bakin François ihun mutum ne da ya gaji da yin kamar komai lafiya, a bakin Sinatra kuwa hawan nan ɗin ne ya zama alfahari. Ni ta Faransar ta fi kama mini zuciya, ko da yake na yarda ta Anka ce take da kasuwa, domin kowa yana son a yi masa kirari. Elvis Presley ya rera ta, mawaƙin Ingila Sid Vicious ya yi mata kaca-kaca a 1978, shi kansa Sinatra daga baya ya ƙosa da ita, amma masu sauraro ba su bar shi ya daina rera ta ba.