Safar wanki ta karce mini fenti, shi ya sa na koma tawul

Duk mai cewa safar hannu ta wanki da tawul ɗin maikurofaiba (mai siraran zaren roba) ɗaya suke a wankin mota marar ɗauraya, bai taɓa tsayar da baƙar mota a rana bayan ya gama ba.

Da Optimum No Rinse nake aiki, sinadarin wankin mota da ba ya buƙatar ɗauraya, mililita 30 cikin kusan lita 8 na ruwa, kamar yadda aka tsara. Ruwan ba shi da laifi, yana lulluɓe ƙura ya ɗaga ta daga jikin fenti. Safar ce matsalar, irin mai dogayen zare masu kauri. Tana shan ruwa sosai, tana da daɗin riƙewa, ga sauri. Amma duk yashin da ta kwasa yana shigewa can gindin zaren ya ɓuya. A wankin da aka saba, tiyo ya riga ya kore yashin kafin safa ta taɓa mota. A nan babu tiyo. Sai ka tsoma ta a bokiti, ka goga ta a kan ragar da ke ƙasan bokitin, ka ɗaga ka ga ta yi fes, ka mayar da ita kan ƙofa da yashinta.

Da rana ta haska ƙofar baya, sai ga zane-zane kamar saƙar gizo-gizo. Har yau in na tuna raina yakan ɓaci, domin fentin sama mai sheƙi bai fi kaurin maikuron 40 zuwa 50 ba (maikuron dubu ne milimita ɗaya), kuma duk gogen da inji zai yi don cire karcen, cikinsa yake ci. Abin da ya ci ba ya dawowa.

Da tawul lissafin daban ne. Ina jiƙa guda da yawa a bokitin tun farko, in ɗauki ɗaya, in ninke shi gida huɗu, ya ba ni fuska 8. Shafa ɗaya a miƙe, ba zagaye ba, sannan in juya. Tawul ɗin da ya taɓa mota ba ya komawa bokiti, gefe yake tafiya, don haka ruwan yana nan tsaf har ƙarshe. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne ina ganin dattin da idona a kan kowace fuska. Safa ba ta taɓa nuna mini ba.

Ba kowane tawul ba ne fa. A nemi mai taushi da kauri, wanda ba a ɗinke bakinsa da zare mai tauri ba, a kuma yage takardar da ke liƙe a gefe, ita ma tana karce.

Wahalarsa wanki. Kana gama mota sai tulin tawul ya tsaya maka. Ba a sa musu sinadarin tausasa tufafi, yana toshe zaren su daina shan ruwa. Zafi mai yawa yana lalata su, kuma ba a haɗa su da kayan auduga.

Ƙasan ƙofofi da bamba ta baya, inda yashi ya fi taruwa, sai na fesa ruwan ya jiƙa su tukuna, kuma su ne na ƙarshe. In laka ta bushe a jiki, ba na ma farawa sai an kore ta da ruwa. Safar kuwa, tayoyi kaɗai take wankewa yanzu.