Ranar da tagulla ta tsage mini a wurin lanƙwasa

Da na fara tsayawa gaban injin buga ƙarfe, na ɗauka aikin ƙarfi ne, ashe na ido ne. Abin da muke yi shi ne ƴan haƙoran nan da ke cikin bakin caja da soket, waɗanda wuta ke bi. Ƙarfen yana zuwa ne a naɗe, dogon zare mai faɗi na tagulla da aka haɗa da kuza da ɗan fosfaras, kaurinsa milimita 0.2.

Zaren yana ratsa bakin injin mataki-mataki. Nan a huda ramin da zai riƙe shi daidai, gaba a yanke gefe, can a lanƙwasa. Duk saukowar inji haƙori ɗaya ya kammala, kuma yana sauka sau ɗaruruwa a minti guda. Tazarar da ke tsakanin namijin da ke hudawa da macen da yake shiga takan kasance kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na kaurin ƙarfen. A namu aikin, milimita 0.01 zuwa 0.02 ke nan, ko rabin silin gashi bai kai ba.

Kuskurena ya zo ne lokacin da aka ba ni tsara sabon aiki. Na ga tarkace na yawa, sai na juya zaman haƙoran a kan zaren don su ƙara matsuwa. Da ido komai lafiya lau. Sai da aka sa su ƙarƙashin madubin ƙara girma aka ga bayan lanƙwasar ya yi faso, wasu ma da an danna su sau biyu sai su karye. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin haƙori ɗaya irin wannan ya isa ya hana wayar wani caji.

Maigidana ya ɗauki ɗaya ya duba, ya ce, "Yaro, ka manta ƙarfe ma yana da jijiya kamar itace?" Lokacin da ake murje shi a masana'anta, ƙwayoyinsa suna miƙewa ne ta tsawon zaren. In layin lanƙwasa ya gitta wannan jijiyar, ƙarfen zai jure. In ya bi ta, musamman a tagulla mai tauri, sai ya tsage. Ni kuwa bin ta na yi.

Muka mayar da tsarin yadda yake, muka ɗan buɗe kwanar lanƙwasar. A nan na kuma koyi cewa ƙarfe yakan ɗan miƙe baya da an sake shi, don haka in kana son digiri 90 sai ka wuce shi kaɗan.

Yanzu kafin na zana komai, ina tambayar taurin zaren da inda jijiyarsa ta dosa. In inji na gudu kuma, nakan ɗebi ƴan haƙora lokaci-lokaci na duba gefensu. Da na ga ƙaya ta fara tasowa, na san namijin ya dakushe, sai na tsayar a kai shi wasawa.