Ranar da sabuwar rauta ta ƙi karɓar firintata

Har yau raina yana ɓaci idan na tuna cewa a makon da ɗalibai ke tururuwar cire takardar shiga jarrabawar JAMB na zaɓi sauya rautar shagona, wato na'urar da ke raba intanet ga kwamfutoci da firinta ta Wi-Fi. Tsohuwar tana aiki ne da ƙa'idar 802.11n, wadda IEEE, ƙungiyar injiniyoyin da ke tsara ƙa'idojin Wi-Fi, ta amince da ita a 2009, daga baya aka laƙaba mata Wi-Fi 4. Na tara ribar wata uku na sayo mai Wi-Fi 6, ina ganin na rabu da jan ƙafar intanet ke nan.

Tarihin abin ne ya ruɗe ni. Na fara wannan sana'a a zamanin 802.11g ta 2003, mai gudun megabit 54, kuma na san cewa kafin ita akwai 802.11b ta 1999 mai megabit 11, ta farkon kuwa ta 1997 ba ta wuce 2 ba. Tunda kowace sabuwar ƙa'ida ta fi ta baya gudu, sai na ɗauka sayen rautar kaɗai ya wadatar. Na manta cewa magana ce tsakanin na'ura biyu, kuma sabuwar ba ta iya koya wa tsohuwa yaren da ba a ƙera ta da shi ba.

Da daddare na haɗa ta, na yi abu biyu da nake ganin gwaninta ne. Na kashe zangon 2.4 GHz, ɗaya daga cikin zangunan rediyo biyu da rautar ke aika saƙo a kansu, saboda cunkoson maƙwabta, domin tashoshi uku ne kawai a cikinsa ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, na bar na 5 GHz shi kaɗai. Sannan na zaɓi sabon kullen tsaron Wi-Fi mai suna WPA3, wanda ya fito a 2018, na rufe ƙofar tsohon, wato WPA2. Na gwada da wayata, wadda sabuwa ce, na ga gudu, na rufe shago. Ban gwada firinta ba.

Da safe layi ya kai bakin titi. Ina tsaye ina kallon ɗan allon firintar tana lalube, tana jero sunayen Wi-Fi na maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, nawa babu, domin zangon 2.4 da na kashe kaɗai take iya gani. Huɗu daga cikin kwamfutoci shida, dukkansu tsofaffi, su ma ba su gan shi ba. Biyun da suka gani kuwa suna ɗakin ciki, inda bangon bulo ya cinye ƙarfin 5 GHz, wanda dama bai kai 2.4 ratsa gini ba. Wani dattijo da ya zo da 'yarsa ya jira kusan awa guda, sannan ya ce, "Malam, bari mu leƙa gaba," rabin layin ya bi shi. Har azahar ina zargin jabu aka sayar mini, alhali kayan lafiyarsu ƙalau.

Gyaran bai ɗauki minti goma ba: na kunna 2.4 da suna na daban, na bar WPA2 da WPA3 su yi aiki tare. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, bayan duk wannan, tsofaffin kwamfutocin sun ci gaba da gudunsu na da, domin dabarar OFDMA da ke raba tasha ɗaya ga na'urori da dama a lokaci guda sai mai Wi-Fi 6 ke cin moriyarta. Intanet ɗin da nake saye ma bai kai abin da tsohuwar rautar ke iya ɗauka ba.

Yanzu ana ta tallar Wi-Fi 7 da zangon 6 GHz. Duk abokin sana'ar da ya tambaye ni, nakan ce ya fara bin na'urorinsa ɗaya-ɗaya ya rubuta ƙa'idar da katin Wi-Fi na kowace ke ɗauka, ya fara da firinta. Tawa dai na ja mata waya daga rautar, ba na son sake ganin allon nan yana lalube.