Daga Mile 12 Zuwa Kan Chappal Waddi

Yau kwanana shida da dawowa Legas, amma har yanzu in zan sauko daga gadar sama sai na riƙe ƙarfe, ina takawa a kaikaice kamar ƙaguwa. 'Yan dakon layinmu sun samu abin yi. Da sun hango ni sai su fara: "Alhaji, sannu da hawan Arfa!" Wanda ya tsaya muka gaisa kuwa tambayarsa ɗaya ce, me na samo a can. Shekarata 19 ina dillancin kayan gwari a kasuwar Mile 12, kowa ya san ba na taka ƙafa inda babu riba, don haka ba wanda ya yarda wai na bar rumfa kwana tara don kawai in hau dutsen Chappal Waddi in sauko.

Ɗan yayana ne ya ja min. Yana aikin banki a Victoria Island, kuma yana cikin wata ƙungiyar matasa masu hawan duwatsu, sun gama da Olumo na Abekuta, sun gama da Idanre. Ya same ni a rumfa ya ce, "Baffa, wani ya janye bayan ya biya, kuma ba a mayar da kuɗi. Arewa za mu, Taraba, ka zo ka zama tafintanmu." Jin an riga an biya ya sa na manta da cewa banza ba ta kai zomo kasuwa. Na shiga kasuwar Katangowa na sayi rigar sanyi mai kauri, wani mai gwanjo a hanya ya haɗa ni da takalmi irin na sojoji, na ce to gida za ni, mene ne abin tsoro.

Mu tara ne, ni da shi kaɗai Hausawa. Jirgi zuwa Yola, mota zuwa Jalingo, washegari muka bi ta Bali muka isa Serti. A nan ofishin gandun dajin Gashaka Gumti yake, a nan aka rubuta sunayenmu aka haɗa mu da ma'aikacin daji mai bindiga. An kafa gandun a 1991, ya ratsa Taraba da Adamawa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Na tambayi yaron nawa yadda zan gane wannan lissafi, ya ce in ɗauki jihar Legas gaba ɗaya, daga Badagry har Epe, in ninka ta kusan biyu. Na yi shiru, ina tuna yadda ake kai ruwa rana kan fili taku goma a Ketu.

Daga Mayo Selbe hanya ta fara hawa. Lanƙwasa bayan lanƙwasa, dutse a dama, rami a hagu, direba yana ta hira da hannu ɗaya a sitiyari. Kunnena ya toshe kamar a jirgi. Wata 'yar Lekki da ke bayana ta yi ta kiran sunan Yesu, ni kuma ina ta hasbunallahu, ba wanda ya yi wa wani dariya.

Ba mu daɗe da kaiwa sama ba wani mai kaki ya tare mu a shinge. Kowa ya sauko, kowa ya buɗe jaka. Da ya ga sandunan ƙarfe na dogarawa da ƙaramin risho da igiyoyi sai ya yanke hukunci: mu mahaƙa ne. Ashe yankin yana da shuɗin dutsen nan mai tsada, safaya, kuma baƙin da ke zuwa da kaya irin namu galibi shi suke nema. Na ga lokacina ya yi, na gyara hula na matsa. "Ranka ya daɗe, yawon buɗe ido ne kawai, dutse za mu hau." Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Kai da furfurarka? Ka hau ka ɗauko me?" Ban da amsa. Ya ce in koma gefe tunda ban san abin da ya kawo ni ba. Takardar gandu ma da aka miƙa masa juya ta ya yi kamar rasit ɗin bogi. Mun yi kusan awa guda a tsaye cikin iska, kuma abin da ya ɗaga sandar shingen daga ƙarshe ba takarda ba ce. Irinsa muna da su a hanyar Ikorodu, sai dai namu ko ba komai suna haɗawa da barkwanci.

Tsaunin Mambila bai yi kama da ko'ina da na sani a Arewa ba. Tuddai ne masu laushin gani, ɗaya bayan ɗaya har iyakar ido, ga layukan itacen turare, ga shanu jajaye manya-manya. Tsayin wurin kusan mita 1,600 ne, ƙudan tsando ba ya son sanyin, shi ya sa Fulani suka kafe a nan da dukiyarsu. Na ga allo an rubuta Ƙaramar Hukumar Sardauna, zuciyata ta yi fari, na ce wa Yarabawanmu kun gani, ƙasarmu ce. Jagoranmu, wani saurayi ɗan Gembu mai jin Fulatanci da Mambilanci da Hausa da Turanci, ya yi murmushi ya ce, "Baba, nan da Jamus ke riƙe da shi, sannan Ingila ta karɓa a matsayin Arewacin Kamaru. Sai a 1961 aka yi ƙuri'a muka zaɓi Najeriya, aka sa wa lardin sunan Sardauna." Wato mu ne ma ya kamata mu yi musu godiya.

A Nguroje muka kwana. Sanyin Janairu na Kano wasan yara ne. Na sa rigar Katangowa, na ɗora babbar riga, na ja bargo biyu, haƙorana suna ta kaɗawa. Da safe sana'a ta motsa, na zaga kasuwa. Kuɗin da zai ba ka ayaba huɗu a Ketu, a nan nono guda za a miƙo maka, har da gyara. Dankalin turawa kuwa sai da na sa aka maimaita min farashin buhu, na zaci ban ji daidai ba. Amma tambayi fetur a kwalba, ko siminti, ko sukari, ka ji inda ake yanka mutum. Duk abin da ƙasar ta haifa araha ne, duk abin da ya hawo dutsen nan a mota ya zama gwal. Na tsaya ina lissafin tirela guda zuwa Mile 12, na sa kuɗin mota, na sa shingaye, na sa kwana uku ko huɗu a hanya da abin da zai ruɓe, sai na ga ribar ta tsiyaye tun kafin Makurɗi.

Daga nan zuwa Njawai, inda ake fara tafiyar ƙafa, sai a babur. Nan na ce a bar min ciniki. 'Yan acaɓa suka faɗi kuɗinsu, na yi salati, na raba biyu, na juya baya kamar zan tafi, duk dai dabarun da muke yi wa masu kawo tumatir daga Kadawa. Suka yi magana da Fulatanci a tsakaninsu, suka sallama a kan kashi biyu cikin uku. 'Yan Legas suka tafa min. Sai muka hau hanya, in dai za a kira ta hanya. Jar ƙasa, kwazazzabo, gadojin katako da ake hango ruwa ta tsakaninsu, hawan da sai fasinja ya sauka ya tura. Yaron da ya ɗauke ni ya ɗaure jakata a kan tanki, ƙafafunsa biyu a ƙasa rabin tafiyar, yana birki da tafin takalmi. Mun fi awa huɗu. Da muka isa, fuskarsa ta yi ja da ƙura, idanu kaɗai ake gani. Na ja shi bayan wata bukka na cika masa abin da na zabge, har da ƙari. Ya ƙirga ya sa a aljihu ya ce, "Ai da ma mun san za ka cika, Alhaji. Kowa a nan yake cikawa."

Dokar jagora ɗaya ce: shi a gaba, mai bindiga a baya, ba mai wuce ɗaya, ba mai zama bayan ɗaya. Yaran ƙauye huɗu suka ɗauki tantuna da abinci. Ɗayansu bai wuce shekara 17 ba, takalmin roba ne a ƙafarsa, kaya a ka, yana tafe yana fito. Mutanenmu kuwa takalmin wani ya kai kuɗin buhun albasa uku, ga agogo mai ƙirga taku, kuma tun kafin azahar an fara tambayar saura nawa. Jagora kullum amsarsa, "Bayan wancan tudun ne." Bayan wancan tudun kuwa wani tudun ne. A kwari akwai kurmi mai duhu da rafi mai sanyin ƙanƙara, a sama ciyawa ce, wani wurin an ƙona ta don sabon tsiro. An ce dajin yana da ɓauna da damisa da birin nan mai kama da mutum. Ni gwaggon biri na gani, suna zaune a kan dutse suna kallonmu kamar su ma tambayar suke yi.

A rana ta biyu da la'asar takalmin gwanjo ya buɗe baki. Tafin dama ya rabu tun daga yatsu har tsakiya, ina tafiya yana tafi. Na ɗaure da igiyar tanti, haka na ja ƙafa har muka faɗa wata ruga, bukkoki biyar a gefen tudu. Wani dattijo siriri ya fito da sanda a kafaɗa. Na yi sallama, na jero gaisuwa, ya amsa, daga nan Hausarsa ta ƙare. Jagora ya koya min "jam na", na faɗa, yara suka fashe da dariya. Tafintan da aka ɗauko daga Legas ga shi ana yi masa tafinta. Dattijon ya tambayi garinmu, na ce Ɗambatta. Ya girgiza kai ya yi magana, jagora ya fassara yana ƙunshe dariya: wai Kanawa suna zuwa sayen shanu, ya san tafiyarsu, wannan dai mutumin Ikko ne. Ina shirin musu sai na ji bakina ya ce wa yaron dako "oya, ajiye nan".

Bai ce min komai kan takalmin ba. Hannu kawai ya miƙo, na cire na ba shi. Ya shiga bukka ya fito da basilla da zaren buhu, ya zauna a kan buzu, ya riƙe takalmin tsakanin gwiwoyinsa, yana huda yana ja da haƙori, ɗinki kusa da kusa kamar na dukawa. Kafin ya gama an kawo kindirmo a ƙwarya, mai kauri har ludayi yana tsayawa, sannan tuwon masara da man shanu yana narkewa a kai. Mu tara da 'yan dako, ba a san da zuwanmu ba, kuma kowa ya ƙoshi. A Legas ko ruwan leda ka sha a rumfar maƙwabci sai ya rubuta.

Na zaro kuɗi. Dattijon ya kau da kai ya dubi shanunsa, kamar na tuɓe a gabansa. Jagora ya raɗa min, "Baba, mayar. Baƙo ba ya biya. In kana da sukari ko tocila, ba yara." Na ba da tocilata da sukarin da ke jakata da ragowar dabino, na ce "useko", wannan karon ba a yi dariya ba. Bayan mun yi magariba tare, a bakin wuta, ya sa aka tambaye ni cikin ladabi ko wata dabba ce ta ɓace mana a can sama. Aka ce a'a. Magani za mu ɗebo? A'a. Ya daɗe yana kallon wuta, sannan ya yi mana addu'ar Allah ya ba mu abin da muke nema.

Ƙarfe huɗu na asuba aka tashe mu. Ruwan alwala ya sa na tuna duk hukunce-hukuncen taimama, amma ruwa ga shi a gabana, ba hujja. Hawan ƙarshe ba shi da labari, numfashi ne kawai da taku, taku ashirin a tsaya, ɗan yayana yana bayana yana "Baffa, sannu", ni ko amsawa ba na iyawa. Wajen hantsi jagora ya tsaya ya ce mun iso. Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, mita 2,419, babu inda ya fi shi tsayi a Najeriya. Ya nuna gangaren da ke gabanmu ya ce Kamaru ke nan. Ba shinge, ba mai kaki, ba mai tambayar takarda. Hazo ya rufe nesa, tuddai biyu uku kawai ake gani suna narkewa cikin fari. Matasa suka fito da tuta suna ta hoto. Ni na koma gefe na zauna a ciyawa. Ba janareto, ba hon ɗin danfo, ba mai kiran Ketu-Ojota, sai iska da wani ƙara siriri a kunnena wanda ina jin shekara 19 yana nan ban taɓa samun shirun da zan ji shi ba. Kwana uku ke nan ban san nawa kwandon tumatir yake ba.

Saukowa ta fi hawa azaba, gwiwa ce ke biya. Kwana biyu muka yi, ɗinkin dattijo bai motsa ba. Mun tsaya a Kakara muka ga gonar shayi, kore shar kamar an shimfiɗa darduma, na sayo ganye na rabo. Jalingo, Yola, Legas. Daga filin jirgi zuwa gida muka ci awa biyu da rabi a cunkoso.

Mai shayin bakin layinmu ya dafa ganyen, ya kurɓa, ya tambayi nawa katan yake, shi ma ya fara nasa lissafin. Jiya kuma ɗan yayan nawa ya turo min hoton wani dutse a Kamaru, wai ya haura mita 4,000, suna shirin zuwa baɗi. Na ce masa ni da dutse har abada. Da dare na sake kiransa na ce in wani ya janye bayan ya biya, ya sanar da ni da wuri, in nemi takalmin kirki.