Hannunka mai sanda a labarin ban tsoro

A shekarata ta biyu a jami'a, malaminmu na adabin Ingilishi ya sa mu rubuta gajeren labarin ban tsoro. Na ɓoye komai har layin ƙarshe, sannan na fito da aljanin kwatsam. Da takardar ta dawo, abin da ya rubuta a ƙasa kaɗan ne: "Na razana sau ɗaya, amma gabana bai yi ta faɗuwa ba." Ya ce in nemi The Monkey's Paw na W. W. Jacobs, wanda ya fito a Ingila a 1902, in ja layi duk inda marubucin ya yi wa mai karatu hannunka mai sanda.

Kafin in kai rabi, shafukan sun cika da layuka. Tsohon soja Morris ya dawo daga Indiya da busasshen hannun biri mai biyan buƙata uku. Ya gaya wa iyalan White cewa wanda ya fara mallakarsa, mutuwa ya roƙa a karo na uku. Har cikin wuta ya jefa hannun, maigidan ya tsamo shi.

Inda ya fi tsaya mini a rai shi ne bayan uban ya roƙi fam 200. Ɗansa Herbert ya yi dariya, ya ce shi bai ga kuɗin ba, kuma ba ya jin zai taɓa ganinsu. A karatun farko na ɗauka barkwancin saurayi ne. Kashegari injin wurin aikinsa ya halaka shi, kamfanin ya aiko da fam 200 cif. Na koma kan wannan magana tasa, tsigar jikina ta tashi, domin ashe gaskiya yaron ya faɗa.

A nan na gane kuskurena. Jacobs bai ɓoye cewa masifa na tafe ba, ƙofar da za ta shigo kawai ya ɓoye, ya bar mai karatu cikin zullumi. Shi ya sa lokacin da uwar ta matsa wa mijinta ya roƙi dawowar ɗansu, aka fara ƙwanƙwasa ƙofa cikin dare, bai nuna mana abin da ke tsaye a waje ba. Ya riga ya gaya mana cewa ta tufafi kaɗai uban ya shaida gawar, kuma maƙabartar mil 2 take daga gidan. Sauran hoton mai karatu ne ke zana shi da kansa, kuma ina ganin babu alƙalamin da zai zana wanda ya fi shi muni.

Na sake rubuta nawa. Na cire aljanin gaba ɗaya. A shafin farko na sa wata tsohuwa tana hana jikarta leƙa rijiyar bayan gida idan magariba ta yi, aka tambaye ta dalili, ta yi shiru ta ci gaba da tsince shinkafarta.