Godiya bayan ruwan Henk

Alhamdulillah. Jiya na yi barci har da minshari, karo na farko tun da guguwar Henk ta sauka ranar 2 ga Janairun 2024, ni da uwargida da jirginmu na ruwa da muke zaune a ciki duk muna nan lafiya. Ba sai na maimaita labarin ba tunda kun bi shi a status, kun ga yadda kogin Soar ya cika ya batse har aka kasa gane ina ne hanyar ƙafa ina ne ruwa a nan gefen garin Loughborough na Ingila.

Abu ɗaya ne ya ƙi fita daga raina. Wajen ƙarfe uku na dare butar shayi ta zame daga kan murhu da kanta, nan na gane jirgin ya karkace, ashe igiyoyin da na ɗaure tamau da yamma su ne za su kashe mu, ruwa na ɗaga jirgi igiya na danne shi ta gefe guda, kuma jirgin nan faɗinsa bai cika ƙafa 7 ba, kaɗan ya rage ruwa ya fara shigowa. Uwargida na ta bismillahi majreha wa mursaha, ni kuwa bakina ya bushe ƙaf. Sai ga hasken tocila. Dattijon Baturen nan maƙwabcinmu mai koren jirgi, da ruwa har cinya, ya saɓo dogon ƙarfen magina a kafaɗa. Ya sassauta igiyoyin, ya kafa ƙarfen tsakanin jirgi da gaɓa don kar ruwa ya ɗora mu kan hanya ya janye ya bar mu a kife. Da ya gama sai ya ce in an yi shayi a miƙo masa, shi ke nan fa. Ya ce kar in sa shi a intanet, to Baba mai koren jirgi ban faɗi suna ba, amma Allah ya saka maka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Hajiyarmu ta Lesta da ta aiko da kular tuwo da miyar kuka har bakin gada, Allah ya kai ki Makka ya maimaita, ya raya zuri'a, ya jiƙan mahaifa. 'Yan masallaci da suka yi ta cajin wayoyinmu da batir ɗin jirgi ya mutu, sola ba ta kawo komai a hunturun Ingila, Allah ya biya ku da gidan Aljanna. Inna da ta hana kanta barci tana addu'a daga gida, na ji faɗan, na san kin ce me ya kai ɗan tudu kwana kan ruwa, wallahi kuɗin haya ne Inna.

Akwai 'yan uwa na jini da tsakaninmu bai kai tafiyar awa ɗaya ba, sun ga status, ko filashin ba mu samu ba. Ba komai, ƙila sanyi ne.

Ruwa ya fara ja, gawayinmu duk ya jiƙe, katifa ma haka. Wanda ke da injin tsotse danshin ɗaki don Allah ya ara mana na sati guda.