Godiya bayan wasanmu na ƙarshe a Kassala

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya muka rufe wasan kwaikwayon da muka yi ta zagawa da shi makarantun da 'yan gudun hijira ke zaune a nan Kassala, gabashin Sudan. Har yanzu muryata a dishe take, shi ya sa na ce bari in rubuto godiyar.

Waɗanda suka san ni a Wad Madani sun san ɗinki ne sana'ata. Wasa kuwa tun ina 'yar makaranta nake taɓawa, a bikin ƙarshen shekara da tarukan unguwa, ina mafarkin wata rana in taka babban dandalin ƙasa na Omdurman, wanda aka buɗe tun 1959. Da yaƙi ya ci Madani a Disamba 2023 muka fito daga mu sai kayan jikinmu. Keken ɗinkin ma can na baro shi, na ɗauka ni da dandali mun yi hannun riga.

Sai ga kwalara. A Agusta 2024 hukuma ta shelanta ɓarkewarta, Kassala da Gadarif suna cikin inda ta fi yin ɓarna. Aji guda, iyalai a cunkushe, randa ɗaya, moɗa ɗaya. Nasiha an yi har an gaji, muka ce bari a gwada da dariya. Ni aka ba Gwaggo mai taurin kai, wadda ke fitowa daga banɗaki ta tsoma hannu a randa tana cewa tun kakanni ake shan ruwan kogin Gash, ba wanda ya mutu. Da Hausa muke yi, mu sirka da Larabci saboda maƙwabta. Wata rana wata dattijuwa ta taso daga cikin 'yan kallo ta fizge moɗar daga hannuna, ta ce, "Ke, za ki kashe mana jikoki!" Inna, ban san sunanki ba, amma ban taɓa samun yabo irin naki ba.

Na gode wa malamar asibitin da ta zauna da mu tana gyara mana magana, ita ta dage sai an ji a fili cewa fakiti ɗaya na gishiri da sukari a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ake zuba shi. Matan takiyya, wato wurin dafa abincin sadaka, da suka ciyar da mu daga tukunyar da ko su ba ta isa ba, Allah ya saka. Haka masu raksha, wato adaidaita sahu, da suka jera suka haske mana fili da fitilunsu ranar da wuta ta ɗauke.

Sai Kawu. Kawu, kai ka ce 'ya mace mai mutunci ba ta tsayawa gaban maza tana wasa, ka yi sati ba ka amsa gaisuwata. Jiya na hango ka a bayan taro ka rufe baki da rawani, kafaɗunka suna rawa. Ba zan faɗa wa kowa ba. Na gode da ka bar ni.

Allah ya jiƙan waɗanda cutar nan da yaƙin nan suka ɗauke, ya mayar da mu gidajenmu lafiya. Yaya, tob ɗinki, wato lafayar da na ara, yana nan, gobe zan wanke in kawo. Wanda kuma ya tafi da moɗarmu jiya, don Allah ya dawo da ita, ta maƙwabta ce.